Akwatin Rugar Jaji

Shafi na 17

Da sunan Allah muka buɗe shafin yau.

Masu cika min waya da saƙo tun ban karya ba, ga shi nan, sai ku bar ni in sha kokona. Maman Zulaiha ta Hardawa, na ga zagin da kika yi wa Gali jiya. Na ajiye miki shi, ki karanta na yau ki dawo mu yi magana.

Wanda ya shigo yau kuma kada ya dame ni da tambaya. Malam Yunusa, malamin makarantar 'ya'yan makiyaya, shi ne ya tsaya takarar kansila a mazaɓarsu ta ƙaramar hukumar Katagum, don kada a yanka burtalin rugarsu a mai da shi filaye. An yi zaɓe ranar Asabar, an faɗi sakamako jiya Lahadi. Ya faɗi da ƙuri'a tara.

*

Tun da aka karanta sakamakon Yunusa bai ji komai ba. Ba baƙin ciki, ba fushi. An kawo tuwo ya ci, da za ka tambaye shi miyar me ce ba zai iya faɗa ba. Da safe ya sa hularsa ya hau mashin, sai ganin kansa ya yi a ƙofar shagon da suka kama a Azare suka mai da shi ofishin kamfen.

Matasa sun kai talatin a waje, wasu a kan mashinansu na acaɓa, wasu a tsaye da gora. Ba wanda ya yi masa kirari yau. Suka dai buɗa masa hanya ya shiga.

A ciki Zayyad, shugaban matasan kamfen, yana tsaye da takardu a hannu. Gali na zaune a kan benci, kansa a sunkuye, tef ɗin awo na rataye a wuyansa. Daga kan keken ɗinkinsa suka ɗauko shi.

"Malam, zauna ka saurare ni da kyau," in ji Zayyad.

Ya zauna.

"Alhaji Mamman, dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma sha biyu. Kai, dubu ɗaya da ɗari huɗu da uku."

"Na ji jiya."

"Ba ka ji wannan ba. Akwatin Rugar Jaji. Rugarku, inda aka binne cibiyarka. Kai sittin da ɗaya."

Ya dakata, ya ɗaga takardar.

"Alhaji Mamman ashirin."

Yunusa ya kalli takardar. Ya ga lambar, ya gane ta, amma ta ƙi shiga kansa.

"Ashirin fa, Malam. Mutumin da ya faɗa da bakinsa a kasuwa cewa zai yanka burtali. Ko karen rugar nan ba zai zaɓe shi ba. Da ashirin ɗin nan suna wajenmu, da yau ganga ake kaɗawa a ƙofar nan."

"Haka ne."

"To wa muka ajiye wakili a akwatin?"

Bai jira amsa ba.

"Wa ya sa hannu a takardar sakamakon ya ce ya yarda?"

Duk ido ya koma kan Gali.

Shekara ashirin da biyu ke nan Gali da Yunusa suna tare, tun suna raba gari da ƙuli a makarantar horon malamai. Gali ya bar alli ya kama almakashi, amma abota ba ta canza ba. Hulunan kamfen ɗin nan da ke kan matasan waje, shi ya ɗinka su da zarensa.

Yunusa ya juya, muryarsa kamar ta mai tambayar farashin gishiri.

"Gali, an yi aringizo ne?"

"A'a."

"An sauya akwati?"

"A'a. A gabana aka buɗe, a gabana aka ƙirga."

"To ashirin ɗin daga ina?"

"Mutane ne suka dangwala."

"Su wa?"

Gali ya ja tef ɗin wuyansa, ya naɗe shi a yatsa, ya warware.

"Ƙuri'a ai sirri ce, Yunusa."

Zayyad ya yi wata dariya marar daɗi.

"Ka ji ko? Yau kuma ya zama malamin doka. Ɗan birni dai ɗan birni ne, mun faɗa maka tun farko ka sa ɗan ruga ka ƙi."

Ya zaro wata takarda ya shimfiɗa a kan tebur, ya ɗora biro a kai.

"Ƙorafi ne zuwa ga 'yan sanda, cewa wakilinmu ya haɗa baki an ci amanarmu. Hannunka kawai muke jira. In ka sa, mu miƙa shi hukuma lafiya lau. In ba ka sa ba, yaran da ke waje wata uku suna yawo a rana saboda kai, kuma ka ga abin da ke hannunsu."

Yunusa ya ɗauki biron. Ya juya shi. Ya karanta sunan kamfanin da ke jikinsa har sau biyu, sannan ya ajiye.

"Ku ba ni zuwa la'asar."

"Me za ka yi?"

"Zan je ruga."

"In la'asar ta wuce ba ni da iko da su, na faɗa maka."

"Kada a taɓa shi."

Ya kai bakin ƙofa ke nan Gali ya ɗago kai, karon farko tun shigowarsa.

"Yunusa."

Ya tsaya.

"Kada ka je rugar nan. Sa hannun kawai, kwana nawa ne."

Jama'a, ku ji min mutum. Ana shirin kai shi ɗakin 'yan sanda, shi kuma yana roƙon a kai shi. Ni da nake rubutawa sai da na ajiye waya na yi tagumi. Yunusa kuwa kallonsa kawai ya yi, ya fita ya tada mashin.

*

Ruwan jiya ya jiƙa hanya, gero ya rufe ta dama da hagu. Sau biyu taɓo ya kusa kayar da shi, ko a jikinsa. Wani manomi ya ɗaga masa hannu ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ya ce amin, ya wuce.

Yana shiga ruga ya ga abin da bai taɓa gani ba. Matan da ke bakin rijiya suka ɗauki tulunansu rabi-rabi suka watse. Mai daka ta bar taɓarya a cikin turmi ta shige bukka. Baffa Adam, yayan mahaifinsa marigayi, yana zaune a gindin tsamiya inda aka ajiye akwatin zaɓe shekaranjiya. Yunusa ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya amsa yana kallon carbinsa, gaisuwar da kan ɗauki minti biyar yau ta ƙare a kalma uku.

Ya sami ƙanwarsa Husaina a bayan garke tana wanke ƙoren nono. Da ta gan shi sai ta ci gaba da goge ƙwaryar da ta riga ta fita tas.

"Sannu da zuwa, Hamma," ta ce, don haka ake kiran babban yaya a ruga.

"Husaina, ranar zaɓe kina nan tun safe?"

"Ina nan."

"Gali ya yi wani abu?"

"Bai yi komai ba."

"Yanzu haka yana hannun yara a Azare. Sun ce ya sayar da ni. In la'asar ta yi, ko 'yan sanda ko gora."

Ƙwaryar ta suɓuce ta faɗa cikin ruwa.

"Bai faɗa musu ba?"

"Me zai faɗa musu?"

Ta rufe baki da gefen mayafinta.

"Wayyo Gali. Allah sarki bawan Allah."

"Ki faɗa min."

"Hamma, duk rugar nan an sani. Kowa jira yake wani ya faɗa."

"To ke ce wanin."

Ta zauna a ƙasa. Ta daɗe tana kallon ruwan wankin kafin ta fara, kuma da ta fara ba ta kalle shi ba.

"Maza sun fita da shanu tun asuba, sai da rana suka dawo suka yi nasu. Da safe layin mata ne. Dada ce ta farko."

Dada mahaifiyarsu ce, kuma ita ce babbar matan rugar. Yanar ido ta rufe mata gani shekara huɗu ke nan, sai haske da duhu kawai take bambancewa.

"Kwana uku ina koya mata. Na yanka kwali daidai takardar, na ce ta ƙirga da yatsa daga sama, na uku shi ne. Ta iya tsaf. Ranar ta yi wanka, ta ɗaura zanen nan nata na saƙi da ba ta sawa sai da salla. Ita ta tashe ni ta ce kada rana ta yi."

"Sai me?"

"Na kama hannunta za mu shiga bayan labulen, sai wakilin Alhaji Mamman ya miƙe. Wani baƙo ne daga Azare, bai ma san ko ita wace ce ba. Ya ce bai yarda ba, 'ya'ya ne ke dangwala wa tsofaffi abin da suke so. Ya ce a tambayi tsohuwa ta faɗa da bakinta."

"Gali fa?"

"Ya yi magana, ya ce doka ta ba ta dama ta shiga da wanda ta zaɓa. Suka yi ta ja. Malamin zaɓen, wani yaro ne sabon hannu, ya ga rigima za ta tashi, ya ce bari a yanke. Ya ɗaga murya ya ce, Inna, wa kike so, Yunusa ko Alhaji Mamman?"

Husaina ta gyara zama, ta ci gaba.

"Baffa Adam na zaune a nan gindin tsamiya. Mata goma sha tara na bayanta."

Yunusa ya riga ya sani.

Ku 'yan yanzu da kuke ɗora hoton ɗan fari a waya kuna masa kirari, ku tsaya in gaya muku. Yunusa ɗan farin Dada ne. Shekararsa arba'in da ɗaya, ba ta taɓa kiran sunansa ba ko sau ɗaya. In za ta ambace shi sai ta ce wancan, ko yayanku. Ba ta yaba shi, ba ta tsaya masa a gaban mutane, in an raba abu ta miƙa wa ɗan wani ta hana nata. Yana shekara tara maciji ya sare shi a wajen kiwo, aka shigo da shi a kafaɗa, ita tana daka. Ba ta ajiye taɓaryar ba. Sai da aka wuce da shi ta zaga bayan bukka ta yi ta amai, kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba. Kunyar ɗan fari ke nan a Rugar Jaji, kuma da ita ake auna mace.

"Me ta ce?" in ji Yunusa.

"Ta sunkuyar da kai. Sai ta ce, na ƙarshen da ka faɗa."

"Na ƙarshen."

"Aka kama yatsanta aka dangwala."

"To wannan ɗaya ce. Sauran sha taran fa?"

"Haba Hamma, kamar ba a nan ka tashi ba. Yaushe matan rugar nan suka taɓa tsallake Dada? Ko farashin nono sai ta yanka ake fita. Sun ji da kunnensu, ga Baffa zaune bai ce komai ba, sai suka zaci manya sun sauya shawara ba a gaya musu ba. Ina ta yi musu ido, ba wadda ta kalle ni. Gali ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi Dada, ya rufe. Ɗaya bayan ɗaya suka shiga."

"Ke fa?"

"Ni kaɗai ce na ba ka a layin safe."

Ya gyaɗa kai. Wata saniya ta yi kuka a garke, ya juya ya kalle ta, ya lura ta rame, ya ce a ransa ya kamata a ba ta maganin tsutsa. Abin da ya zo masa ke nan a lokacin, wallahi.

"Ta san da nawa na faɗi?"

"Wa zai gaya mata?"

*

Dada na zaune a kan tabarma a bakin bukkarta tana tsinkar zogale da lalube. Yunusa ya cire takalmi, ya durƙusa daga gefe, nesa kaɗan, kamar yadda ya saba.

"Husaina, wa ya tare min haske?"

"Hamma ne, Dada."

Ta juya fuskarta ɗaya gefen.

"Akwai fura a ƙwarya, ki ba baƙo."

"Na ƙoshi, Dada," in ji shi. "Na zo ne in gaya miki na faɗi."

"Husaina, mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so."

"Da ƙuri'a tara."

Yatsunta suka tsaya a kan reshen zogalen.

"Tara," ta ce a hankali. Ba da kowa take ba.

Kaza ta zo ta tsattsagi ganyen da ke faifai, ba wanda ya kore ta.

"Husaina, ranar nan mata nawa ne a bayana?"

"Goma sha tara, ban da ni."

"Ina suka sa?"

Husaina ta kalli yayanta. Bai taimake ta ba.

"Inda kika sa, Dada."

"Dukkansu?"

"Dukkansu."

Matar da ta yi shekara hamsin tana ƙirga shanu da ido ba ta buƙatar a yi mata lissafi. Ta ajiye reshen, ta goge hannu a zane, ta sake gogewa.

"Yatsa ɗaya ne," ta ce. "Na ce a raina yana da jama'a. Har nan nake jin motar lasifika tana wucewa da shi. Yatsan makauniya me zai ƙara, me zai rage."

"Dada, da kin ce na farkon," in ji Husaina. "Ba sai kin kira suna ba."

"A gaban Baffanku? Yayan ubanku na zaune, matan ƙannena na tsaye, in buɗe baki in ce nawa nake so? Ke da kike da ido, da wane ido zan fito rijiya?"

"Ai da kunyar yini ɗaya ce."

"Ke ba ki haihu ba tukuna."

Ba ta yi kuka ba. Yunusa ma bai yi ba. Ya so ya ji haushinta, ya lalubi haushin ya rasa. Tausayi ne kawai ya taso masa, shi ma bai san inda zai ajiye shi ba, don a gidan nan ba a koya masa yadda ɗan fari ke rarrashin uwarsa ba.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Irin ƙaramar nan ce mai amo, wadda in ana magana na kusa da kai ma yana ji.

Zayyad ne, bayansa hayaniya.

"Malam, ba su jira la'asar ba. Sun fito da shi waje, sun yaga masa riga. Ina tsaye a tsakani amma ba zan daɗe ba."

"Ka ce su bari. Ba shi ba ne."

"Na gode wa Allah. To wane ne?"

Yunusa ya danne wayar a kunnensa.

"Malam, kana ji na? Ba za su sake shi da ba shi ba ne kawai ba. Suna suke so. In ba Gali ba ne, wa ya ci amanarka a rugarku?"

Ya kalli Dada.

"Malam? Malam, ka yi magana, wani ya ɗaga gora."

Layin ya katse.

Dada ta karkato da kunnenta wajen Husaina.

"Wa aka yaga wa riga?"

"Gali tela. Wanda ya ɗauko miki takalminki ranar, da kika manta shi a gindin tsamiya."

"Me ya yi?"

"Ya ƙi faɗin abin da ya gani."

Tsohuwar ta miƙa hannu tana lalube a jikin zana har ta kamo sandarta. Ta dafa ƙasa ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta jawo mayafi daga kan igiya ta yafa, a bai-bai ma.

"Dada, ina za ki?"

"Kama hannuna."

Yunusa ya miƙe shi ma.

"Dada, mutum talatin ne a wurin, kowa da waya a hannu. Duk abin da kika faɗa za su ɗauka. Kafin magariba ya zaga Azare, gobe yana Dambam. Ki zauna, zan san abin da zan ce musu."

Ba ta juyo ba.

"Husaina, ki tambaye shi me zai ce musu."

Husaina ba ta tambaya ba, shi ma bai amsa ba.

Dada ta fara takawa, sanda a gaba, tana nufar inda ta ji mashin ya tsaya ɗazu. Matan da suka ɓuya suka fara leƙowa daga bakin bukkoki. A gindin tsamiya Baffa Adam ya daina jan carbi.

Husaina ta riƙo ta da sauri, ta yi ƙasa da murya.

"Dada, babu mota fa. Bayansa za ki hau, ki riƙe shi, a gaban kowa."

Tsohuwar ta tsaya. Ta gyara riƙon sandarta.

"Na sani," ta ce. "Ki gaya wa mai mashin ɗin ya tayar."